Yarinyar da ta riga ni sanin zaɓin maigidana

Shekarun baya, a damina ta ƙarshe da maigidana ya gani, na yi wani kishi da har yau bai sake ni ba. Ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubuta mini, in muryata ta yi rawa ku yi haƙuri.

Gab da shuka wasu 'yan bincike suka zo ƙauyenmu, can gefen Gecheme. Wadda ta shigo gidanmu yarinya ce sa'ar jikarmu, da waya mai faɗi kamar allo da tarin katuna masu hoto. Kowane kati da irin hatsi uku. Wannan yana nuna da wuri amma zangarniyarsa gajera, wancan yana daɗewa amma ga tsawo ga kara, na uku yana jure fari amma tsuntsu na son shi. Sai Malam, maigidana, ya ɗora yatsa kan ɗaya, ta danna wayarta, ta fito da wani katin da aka sassauya halayen.

Ina daka ina kallonsu. Mutumin da in na tambaye shi miyar da yake so sai ya ce "duk wadda kika yi", ga shi ya baje a tabarma yana zaɓe yana dariya.

Na ce, "Ke 'yar nan, wannan caca ce ko duba?"

Ta ce, "Ba ko ɗaya, Inna. In mutane da yawa suka yi ta zaɓe, muna haɗa amsoshin mu auna abin da ya fi nauyi a ran manomi, saurin nuna ne ko yawan kara. Daga nan a san irin da za a kawo muku."

"To mi kika gani a ran nawa?"

"Gaibu sai Allah. Amma Baba, duk katin da na juya, mai saurin nuna yake bi. In aka kawo iri, ina jin shi zai ɗauka."

Na ajiye taɓarya na yi dariya har da tafi. Maiwa muke shukawa tun daga mahaifinsa, mai daɗewa, mai doguwar zangarniya. Kowace kaka shi ke zaɓen manyan kai, ni ke sussuke su in zuba a tulu da toka in liƙe baki. Tun ina amarya irin nan yake hannuna. Na ce mata, "Na yi furfura a ɗakin mutumin nan. Ke da kika zo da hantsi za ki gaya mini abin da zai shuka?"

Malam ya ce, "Bar yarinya ta yi aikinta." Bai kalle ni ba.

Da aka kawo irin, ya tafi da kansa ya dawo da mai saurin nuna a ƙunshe cikin rawaninsa. Na ce, "Malam, tuluna fa?" Ya ce, "Bar shi a liƙe, bana dai."

Wayyo, ranar ko tuwo ban ci ba. Ba zargin komai nake ba, yarinya ce mai ladabi, har durƙusawa take in ta gaishe ni. Abin da ke cina shi ne ta san wani abu a cikin mijina da ni ban sani ba. Da ta sake biyowa ta ƙauyen ta leƙo, na ba ta fura ba nono, ga nonon Fulani cike da ƙwarya a ɗaka. Ta shanye ta yi godiya, abin ya ƙara ƙona ni. Maƙwabciyata ta ce, "Tsohuwa da ke, kina kishi da kati?" Na ce ta bar ni.

Hatsin ya nuna tun maiwar mutane ba ta fitar da kai ba. Malam ya matsa aka yanke, aka ɗaure, aka cika rumbu. Yana tsaye yana kallo, yana dafe da gefen cikinsa. A nan na fara lura da yadda rigarsa ta yi masa yawa. Ashe ya daɗe da ciwo yana ɓoyewa. Muka kai shi likita a Dogondutsi, aka ce an makara.

A kan gadon ne ya ce mini, "Na ga ba zan kai kakar maiwa ba. Ban so in bar ki da hatsi a gona, kina roƙon wanda zai yanke miki."

Kafin maiwar maƙwabta ta isa yanka, an yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Hatsin da ya tara shi na ci har na fita takaba, ina ci ina kuka.

Mutane suna ce mini yarinyar ba ta san dalili ba, yatsa kawai ta ƙirga. Gaskiya ne, kuma ban riƙe ta da komai ba, Allah ya yi mata albarka inda take. Sai dai ita ta zauna ta dube shi, ta tambaye shi, ta sake tambaya, har ta ga mutum ne mai sauri. Ni da nake kwana ina tashi da shi, na ɗauka na gama saninsa tuntuni, na daina tambaya. Wannan hantsin da ta samu tare da shi nake kishi. Da ni na zauna a tabarmar nan na ce, "Malam, mi ya sa?", wataƙila da ya gaya mini tun ana iya kai shi likita.