Geron Fakara

Ƙarar kwano ce, irin wadda ake ji idan an tura shi a kan siminti. Ina tsakar gida ina tankaɗe na jiyo ta daga ɗakin Baba, mahaifin maigidana, na kuma san ya sake ture abincinsa. Kwana huɗu ke nan a jere. Na je na durƙusa daga bakin ƙofa, na tambaye shi ko gishiri ne ya yi yawa. Ya ce a'a, Allah ya yi mini albarka, bakinsa ne dai ya mutu. Can kuma, kamar ba da ni yake ba, ya ce rabonsa da jin kukan fakara har ya manta.

Baba mutumin can arewa ne, inda ƙasar noma rairayi ce. Aikin masaƙa ya kawo shi Kaduna yana saurayi, amma duk Lahadi farauta yake tafiya, a dajin da ke bayan Kudenda har bakin kogi. Yakan ce a lokacin fakara ce ke tashinsu kafin ladan. Yanzu dajin ya zama fuloti-fuloti. Ba namanta yake marmari ba, don bindigar ma ya rabu da ita tuntuni. Kukan kawai yake so ya ji. Ni kuwa abin da nake so shi ne ya ci abinci, domin ƙasusuwan wuyansa sun fara fitowa.

Muna da fuloti a ƙarshen unguwa wanda ba mu samu halin ginawa ba, daga shi sai ɗan guntun dajin da ya rage. Na ce wa maigidana zan shuka gero da wake a can, in bar su ba girbi, ko tsuntsayen za su dawo. Ya yi dariya, ya ce mutane na neman na bakinsu, ni ina yi wa tsuntsu noma. Na tuna masa abin da aka koya mana a Islamiyya, cewa shukar da tsuntsu ya ci sadaka ce. Ya ce to, in je, fuloti ba ya gudu.

Ranar da na gaya wa Baba, ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙarin miya.

Wurin ba ƙasa ba ce, marmara ce ja. Masu tipa sun riga sun kwashe saman don buga bulo. Idan na sara fartanya sai ta yi tsalle ta dawo mini. Baba ya ce in yi binne, wato in zuba iri tun ƙasa na bushe, kafin ruwan farko, yadda suke yi a garinsu. Maƙwabciyarmu 'yar Binuwai, wadda rogonta ke cika bayan gidanta, ta tarar da ni ina yi.

"Hajiya, ke da wa kuke faɗa? Wannan wuri ko akuya ba ta tsayawa ta yi fitsari."

Ta ce in jira ruwa ya zauna, domin na farko a nan yaudara ne. Na san ta fi ni sani. Amma suruki ya yi magana, kuma a karon farko cikin watanni idonsa da haske, ta yaya zan ce masa nan ba garinsu ba ne?

Ruwan ya zo, geron ya tsiro kamar gashin jariri, sannan sama ta yi shiru mako uku. Na yi ta ɗibar ruwa a jarka daga gida, ƙasar na shanyewa kafin in miƙe. Duk ya ƙone. Na sake shukawa, wannan karon da takin juji, rabinsa leda da fasassun kwalabe. Ruwa mai ƙarfi ya kwashe irin ya zuba a kwata. A karo na uku kara ashirin da wani abu suka tsaya, iya gwiwata, rawaya, zangarniyarsu kamar ɗan yatsa. Kajin mutane suka ci, tattabaru suka ƙarasa.

Kullum na dawo sai Baba ya tambaya, "'Yar nan, sun zo?" In ce ba su zo ba tukuna. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko da yake sau da yawa ta zo mini har baki. Sai ya ce fakara akwai tsoro, sai an yi haƙuri, ya ci loma uku ko huɗu. Lomomin nan nake yi wa noma.

Da damina ta zagayo, an kafa injin bulo a fulotin da ke jikin namu, guntun dajin kuma an sare shi an kewaye da katanga. Duk da haka na je. Da na ga shukar ba za ta yi ba, sai na koma ɗibar gero daga na kununmu, ina watsawa a gindin katangar bayan sallar asuba, ina addu'a. Tururuwa ke kwashewa. Baba ya koma loma biyu, daga baya sai kunu kawai.

Wata safiya na ƙulle geron a bakin mayafina zan fita, sai 'yata mai shekara bakwai, wadda kullum tana ɗakin kakanta tana matsa masa ƙafa, ta riƙe mini hannu.

"Umma, ki bar shi mu sha kunu. Kaka ya ce ya san babu fakara ko ɗaya da ta rage. Wai yana tambayarki ne don kar ki ji ba daɗi."