Sai Ya Yi Sallama

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba 1997, aka ɗaga murya ta kan katangar da ke tsakaninmu aka ce maƙwabciyata Rakiya, matar Malam Illa tela, ta cika. Zazzaɓi ne ɗan gajere. Ina tankaɗe a lokacin, na daɗe rariya na hannuna ban san ina riƙe da ita ba.

Yaya Rakiya, duk garin Tawa da gato, wainar nan ta Turawa, aka san ki, amma kaɗan ne suka san mafarinsa. Shekarar da damina ta ƙi, aka raba mana buhunan taimako, a ciki har da wani hatsin Turawa da aka murje ya yi fale-fale. Muka duba, muka ce dussa ce, muka zuba wa tumaki. Kika shigo gidana kika tarar da ragona kansa cikin kwano.

"Tani, mi nika gani? Rago na cin abincin likita, ɗiyanki na hamma?"

Kin taɓa yin aiki gidan wata likita, can kika ga yadda ake gasa shi. Ranar kika haɗa shi da man shanu da ƙwan zabo da sukari kaɗan, kika daka dabino kika ƙara. Ba ki da tanda. Yashi kika zuba a gindin tukunya, kika ɗora faranti, kika rufe, kika jera garwashi a kan marufi. 'Ya'yana suka ci, ƙaramar ta yi barci da guntu a hannunta.

Da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, fulawa ta fi ƙarfinmu, buhunan ma suka daina zuwa, sai kika koma surfa gero kina barza shi, kika ci gaba. Mai jego da maras lafiya ba su taɓa rasa ƙullinki ba.

Kin yi ta koya mini, ni kuwa gaggawa gare ni. In na kai hannu ga marufi sai ki buge shi.

"Bar shi! Ba a buɗe mishi sai ya yi sallama."

Nufinki, sai ƙamshi ya fita tsakar gida da kansa ya kai zaure. Can Malam Illa yake kan keken ɗinkinsa, shi ke amsawa da ƙarfi, "Wa alaikumus salam!" Sannan ki sauke. Nawa kuwa kullum ko ɗanye ko ƙonanne.

Bayan an kai ki, Malam ya daina ci. Aka kawo fura, aka kawo tuwo, ya ce a kai wa baƙi. Zuwaira, ɗiyarku, ta zo mini da kuka, ta ce tana tsoron kada ta rasa ku duka biyu. Ranar sadakar bakwai na ɗauki tukunyarki, na haɗa gato, na zauna inda kike zama. Hannuna ya yi ta kai wa marufi, na danne shi ƙarƙashin cinyata. Na jira har na fara cewa ya ƙone.

Sai muka ji muryar Malam daga zaure: "Wa alaikumus salam."

Zuwaira ta kai masa yana da zafi. Ya ci ɗaya, ya ce sukari ya yi yawa, ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.

Ya Allah, Ka gafarta wa Rakiya, Ka yalwata makwancinta, Ka ciyar da ita kamar yadda ta ciyar da 'ya'yanmu. Ina yi wa Malam Illa gaisuwa, da Zuwaira, da ɗanta Alƙasum da labari ya iske a Abijan, da dangi na garin Barmu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mala'iku su tarbe ta da sallama.

Tani Almustafa, Tawa