Malam Haladu, Wanda Ya Ƙarar Da Idonsa A Rubutun Wasu

Shekara goma sha tara ke nan, duk wanda ya ratsa ta bayan gidan waya na Gumel da hantsi ba ya rasa ganin Malam Haladu a bakin zaurensa. Yakan shimfiɗa buzu inda haske ya fi faɗowa, ya gyara tabarau, ya jawo tarin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta da aka ɗaure da igiyar rama. Labaran mutane ne a ciki. Wannan na wani malamin firamare ne daga Sule Tankarkar, wancan na dillalin shanu ne daga Maigatari, da ajami ma ya rubuto nasa.

Malam Haladu ba ma'aikacin kowa ba ne. Tun da ya bar koyarwa sana'arsa ke nan: a kawo masa labari ya gyara, ya rage inda aka cika surutu, ya tambayi mai shi abin da yake nufi inda magana ta cukuɗe, sannan ya buga a tsohuwar tafiretarsa. Tafiretar nan ba ta da ƙa, ba ta da ɗa, ba ta da ɓa. In ya gama buga shafi, sai ya bi shi da biro yana sa wa kowane harafi lanƙwasarsa da hannu. Shafi ɗari, shafi ɗari biyu, haka yake yi.

Sai bayan la'asar yake komawa kan nasa. Shi labaran ban tsoro yake rubutawa, na fatalwa da kufai da muryoyin da ba a ganin masu su. Da can don nishaɗi yake yi, ya karanta wa abokai a yi ta dariya ana waige-waige. Shekarar fari, 1973, ita ta canja masa hannu. A shekarar ya ga mutanen Damagaram suna shigowa ta Maigatari da ragowar shanunsu, ƙashi da fata, kuma a cikinta ƙyanda ta ɗauke 'yarsa Zinariya tana da shekara bakwai. Bayan kwana arba'in ya rubuta labarin wata uwa da take jin 'yarta da ta rasu tana neman ruwa daga cikin busasshiyar rijiya. Matarsa Fadimatu ta ji shafi biyu, ta tashi ta shige ɗaki.

Daga baya ta ce masa, "Malam, wannan ai ba labarin tsoro ba ne. Kukan da ka ƙi yi ne."

Ya ci gaba da rubutu har labaran suka kai goma sha ɗaya. Ya aika wa wasu masu buga littattafai a birni, bayan wata takwas suka dawo masa da su, suka ce ba za su dace da yaran makaranta ba. Ya ce zai sake duba su in ya samu sarari, ya sa a akwatin ƙarfe.

Sararin bai zo ba, don mutane ba su daina sallama ba. Ɗantala, malamin nan na Sule Tankarkar, sau huɗu Malam Haladu yana mayar masa da labarinsa, har ya yi fushi ya yi wata uku bai taka Gumel ba. Da littafin ya fito, Ɗantala ya zo da shi a hannu, ya durƙusa yana ta juya shi ya kasa miƙawa.

"Malam, wallahi na rubuta sunanka a shafin godiya. Masu bugawa ne suka cire."

Malam Haladu ya karɓa, ya shafa bangon, ya buɗe tsakiya ya shinshina takardar. Ya ce, "Ɗantala, littafinka ne. Ni shara kawai na yi masa. Tashi ka shiga ka nuna wa Fadimatu, ita ta sha ƙarar tafireta."

Shekara biyu da suka wuce ido ya fara ba shi matsala, layuka suna haɗuwa da juna. Likita a Kano ya duba shi, ya gaya masa gaskiya: jijiyar idon ce ke mutuwa, ba magani, in ya lallaɓa zai iya karatu na kamar shekara guda. A motar da ta dawo da shi Gumel ya yanke shawara. Zai sallami kowa, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya gama nasa.

Kwana tara da dawowarsa wata mata ta yi sallama. Mairo sunanta, daga Gagarawa, mijinta ya rasu, a ajin yaƙi da jahilci ta koyi boko. Ta zauna daga gefen ƙofa ta kwance bakin zanenta, ta fito da littattafai uku da suka sha hayaƙi. Fadimatu ta leƙo za ta ba ta haƙuri, Malam ya ce a bari ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ta ce, "Malam, ni ban iya rubutu ba sosai. 'Ya'yana uku suka tafi a shekarar fari. Na ga an fara manta sunayensu har a gidanmu, shi ne na rubuta yadda kowannensu yake. Aka ce kai kake gyarawa."

Ya buɗe na farko. Da fensir ne, ya dusashe, ba aya ba waƙafi. Ya kai shi har kusa da hancinsa ya karanta rabin shafi. Sannan ya ce, "Malama Mairo, ki dawo bayan damina."

Da Mairo ta tafi, Fadimatu ta ce, "To naka fa?"

Ya ce, "Ni ɗaya na rasa. Ita uku."

Wata goma ya yi a kan littattafan nan. Maƙwabta sun shaida yadda yake bin inuwa da rana yana matsar da buzu, idon na zubar da ruwa, yana sharewa da hannun riga. Bai canja wa Mairo magana ko ɗaya da ta fito daga zuciyarta ba, ya dai share mata hanya. Ranar da ta zo karɓa, da lalube ya miƙa mata. Ta karanta sunayen 'ya'yanta a buge, tsaf, ta rufe fuska da mayafi. Akwatin ƙarfe kuwa yana nan yadda ya bar shi. A watan jiya Malam Haladu ya lulluɓe tafiretarsa da zane, ya ce ya gama.

Malam, kai ne wanda marubuta suka hau kafaɗarsa aka hango su, kai ba a hango ka ba. Kai ne ka san zafin rashin ɗa, ka ga wadda ta fi ka, ka ba ta abin da ya rage maka. Na Fadimatu, mai gyara ba da cin fuska ba! Ƙasar Gumel ba ta ba ka lamba ba, ba ta kira taro dominka ba, mu ma da muka amfana mun yi shiru ya yi yawa. Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka da hasken da ba ya dusashewa, Ya haɗa ka da Zinariya a gidan rahama.

Ku kuma masu ilimi na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, in wani ya kawo muku rubutunsa, ku zauna ku duba masa kamar yadda wannan bawan Allah ya yi. Kuma kada ku jira sai an yi sanarwa kafin ku tuna hanyar gidansa. Yana nan da ransa, yana jin sallama, yana gane kowa da muryarsa. Ku je yanzu.