Kafinta da Masu Zuwa Dubiya

Duk wani benci da ke cocin nan Kafinta ne ya ƙera shi, haka ma babban gicciyen da ke bayan bagade. Shekara talatin yana aikin katako, har zarto ya cinye masa rabin ɗan yatsa, bai taɓa yi wa Allah ƙorafi ba.

Mutane ne ya gaji da su.

Shekara shida ke nan matarsa tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Shi ke juya ta, ya yi mata wanka, ya ba ta abinci a baki. Duk Lahadi bayan sujada sai 'yan'uwa su cika ɗakin, su zauna kan kujerunsa, su shanye shayinsa, kowa ya yi masa wa'azin haƙuri, su kakkaɓe riga su tafi.

Ran nan yana fama shi kaɗai zai ɗaga ta ya sauya zanen gado, gumi na zuba, sai dattijon coci ya gyara murya daga kan kujera.

"Ɗan'uwa, kowa da gicciyensa. Ka ɗauki naka da murna."

Ran Kafinta ya ɓaci.

"Baba, ni za a koya wa nauyin gicciye? Wancan na coci, sai da muka taru mu huɗu muka ɗaga shi. Shi kansa Ubangiji, a hanya sai da aka samo wani ya ɗaukar masa. Ajiye kofin nan ka kama mini ƙafafunta."