Ƙwaryar da Lawali Yake Tarbar Ƴan Takara da Ita

Shekara bakwai ke nan da muka kai taubashina Lawali Kyari makwancinsa, gabas da ƙauyenmu a ƙasar Ollelewa. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa. Kowace shekara idan watan rasuwarsa ya kama, nakan roƙi jama'a su yi masa addu'a bayan sallar Juma'a, daga nan in kama bakina. Bana na kasa kamewa, saboda abin da ake shirin aikatawa da sunansa ranar Alhamis mai zuwa.

Ga wanda bai san shi ba, Lawali fatken gero ne, yana kai kaya kasuwar Tanut, wani lokaci har Balbeji. Zaure ɗaya muka yi karatu da shi muna yara. Ni na zauna, shi ya bi fatauci, kuma har ya koma ga Ubangijinsa bai daina kirana bawansa ba, kamar yadda ni ma ban daina kiransa nawa ba, irin wasan da taubasai ke yi. Lokacin da aka soma zaɓen konseye, wato kansila, da magajin gari a ƙasar nan, shi ya tara mutane ya kafa ƙungiyar masu ƙuri'a ta ƙauyenmu. Akwai manoma a ciki, akwai mata, akwai Fulani da Buzayen da ke saukowa daga wajen Tenhya su shayar da bisashensu a wurinmu. Ƙungiyar ba ta ɗaukar tutar kowa. Aikinta ta nuna wa mutum yadda zai sami katin zaɓe, ta raka tsofaffi har biron jefa ƙuri'a, ta kuma zauna ta tace abin da ya fi damun gari kafin masu neman ƙuri'a su iso. Duk zaman da aka yi, magana kan ruwa take ƙarewa.

Ruwanmu kuwa na tafki ne. Da damina yakan cika, ya yi launin kunu. Idan kaka ta yi, ya soma ja da baya, sai ya yi kauri, gansakuka ta rufe bakinsa. Shanu da raƙuma da jakuna su shiga har tsakiya su sha, su yi abin da dabba ke yi, mata kuma su durƙusa a gefe su cika tuluna. Mun karanta a babin tsarki cewa ruwan da najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba a ibada da shi. Saboda haka idan aka kai wannan lokaci, ni da bakina nake ce wa mutane su yi taimama. Ruwan da ban yarda a wanke fuska da shi don tsayawa gaban Allah ba, shi ake dama wa jarirai koko da shi.

Daga nan dabarar Lawali ta fito. Kowa ya sani a ƙasarmu ta Damargu ba a yi wa baƙo magana sai an ba shi ruwa, kuma baƙo mai mutunci ba ya mayar da ruwan maraba. Sai ya kafa wa ƙungiya ƙa'ida: duk ɗan takarar da ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a gindin aduwar dandali, a gaishe shi da girmamawa, sannan a miƙa masa ƙwarya cike da ruwan da aka ɗebo daga tafki a ranar, ba a tace ba, ba a bari ya kwanta ba. Ba a zaginsa, ba a tilasta masa. A miƙa, a ce bismillah, a jira.

Da ya fara kawo mini maganar, na yi jayayya da shi. Na ce, "Lawali, baƙo yana da haƙƙi. Ta yaya za ka ba mutum abin da ka san zai cuce shi?"

Ya ce, "Malam bawana, jikokinka me suka sha yau da safe?"

Na ce, "Abin da Allah Ya hore."

Ya ce, "To, shi zan ba baƙo. Ko kana da wata randa a ɓoye bayan littattafan nan ne, ba ka gaya wa ubangidanka ba?"

Na yi dariya, amma na koma gida ina juya maganar, kuma ban samo inda shari'a ta ɗora wa mai gida ya tarbi baƙo da abin da ba shi da shi ba.

Ba na manta wani mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisar ƙasa, da ya zo da jerin motoci da maroƙa. Ya zauna, Lawali ya durƙusa ya miƙa masa ƙwarya da hannu biyu. Mutumin ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce, "Ku gafarce ni, azumin nafila nake yi." Ga leɓɓansa jawur da goro, ga ragowarsa a kumatu. Babu wanda ya yi dariya a fili. Lawali ya ce, "Allah Ya karɓa, Alhaji. Ai babu gaggawa, a rufe masa da faifai har magariba, sai mu yi buɗe-baki tare." Aka rufe, aka ajiye a gabansa. Ya yi jawabinsa ƙwarya na kallonsa, kalmomi na tsere masa, kuma tun kafin la'asar motocinsa suka kama hanya. Ranar zaɓe mutane suka tuna.

A wannan zagaye ne wata malamar lakwal, wato makarantar boko, mai neman konseye ta zo a bayan babur. Ta karɓi ƙwaryar, ta yi bismillah, ta kafa kai ta sha da yawa. Muka ji daga baya ta kwanta ciwon ciki kwanaki. Da ta ci zaɓe, ba ta bar zaman majalisa ya wuce ba tare da ta ambaci tafkinmu ba, har suka gaji da ita aka gina mana rijiyar siminti. Rijiya ce mai zurfi irin ta ƙasarmu, sai da raƙumi ake jan wasakinta, amma ruwanta garau yake. A kanta Lawali ya yi alwalar shekarunsa na ƙarshe, da ruwanta kuma muka yi masa wanka.

Damina biyu da suka wuce rijiyar ta rufta. Mun koma tafki.

Ƙungiyar tana nan, ɗansa Sanusi ke shugabancinta, yaro mai ladabi wanda ni na raɗa masa suna. Tun da aka jingine zaɓe, ƴan takara sun daina zuwa. Masu zuwa yanzu jami'ai ne da ma'aikatan proje na ƙungiyoyin agaji, masu zagaya ƙauyuka suna duba inda ya fi cancanta a haƙa rijiyar burtsatse. Bara wasu suka zo. Na fito dandali, sai na tarar da abin da ban taɓa zaton idona zai gani ba. An kafa rumfar tamfol, an jera kujerun roba na haya, an yanka rago. Ga buhunan ruwan leda an sayo daga Tanut, an jiƙa su cikin ƙanƙara. An hana mata bin hanyar tafki har baƙi su tafi, don kada a gan su da tuluna. Wani matashi ya miƙe da sunan ƙungiya ya ce gari yana cikin alheri, yana godiya, sai dai ƴar matsalar ruwa. Ƴar matsala! Baƙi suka sha mai sanyi, suka ci nama, suka ɗauki hoto, suka tafi. Rijiyar aka kai ta wani gari. Ban ga laifin baƙin ba, domin abin da aka nuna musu da shi suka yi hukunci.

Yanzu ga wasu za su zo ranar Alhamis, kuma na ji an riga an aika sayen ruwan leda. Na kira Sanusi zaurena. Na ce, "Ɗana, ina ƙwaryar mahaifinka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Malam, zamani ya sauya. Waɗancan ƙuri'armu suke nema, dole su daure. Waɗannan ba sa neman komai a wurinmu. Idan muka kunyata su, za su juya mota su tafi, wataƙila ma a ce mu masu tayar da fitina ne. Ni ke zuwa birni, ni za a kira."

Na ce, "Bara ka girmama su. Ina rijiyar?"



Sannan na ƙara da cewa, "Ƴarka ta sami sauƙin zawon?"

Ya ce, "Da sauƙi, Baba." 

Ba na raina tsoron Sanusi. Gaskiya ne wanda ba ya neman ƙuri'arka yana iya ba ka baya ba tare da ya rasa komai ba, kuma gaskiya ne harshe a yau yana bukatar taka-tsantsan fiye da da. Amma abin da ya ƙona mini rai shi ne sunan da aka ba wannan aiki. Ana kiransa karamci. Mun karanta a babin ciniki cewa wanda ya ɓoye aibin hajarsa ya yi ha'inci, ko da murmushi ya sayar. To, mutum ya taso takanas daga nesa don ya ga halin da muke ciki, mu kuma muka lulluɓe halin, muka shayar da shi ruwan da babu ɗaya daga cikin ƴaƴanmu da ya taɓa ƙoshi da shi, muka kore mata daga hanya. Wannan yaudarar baƙo ce, kuma cin amanar na gida. Ƙungiyar da aka kafa don ta zama bakin gari ta koma hannun da ke toshe bakin. Har wasu na cewa tunda babu akwati, masu ƙuri'a ba su da abin faɗa. Shin ƙishirwa ma an jingine ta ne? Haƙƙin talaka a kan mai riƙe da al'amarinsa ya girmi akwatin zaɓe, kuma za a yi tambaya a kansa a ranar da babu rumfar tamfol.

Nakan tambayi kaina, da Lawali zai leƙo dandalin nan, me zai ce? Ban yi zaton zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai ɗauki ledar ruwa ɗaya, ya juya ta a hannu, ya tambayi Sanusi a gaban kowa daga wace rijiya ta garin nan aka ɗebo, don ya aiki iyalinsa gobe. Game da tsoron kunyata baƙo kuwa, na san amsarsa, domin ya sha faɗa mini cewa ƙwaryar tambaya ce kawai. Wanda ya sha ya fahimta da cikinsa. Wanda ya kasa sha ya fahimta da idonsa, kuma ba zai iya komawa ya rubuta cewa lafiya lau muke ba. A shekarun da ya yi yana miƙa ta, babu baƙon da aka ɗaga wa murya.

Jiya da hantsi Gambo, matar marigayi, ta yi sallama a ƙofar zaurena. Ta tsufa, amma har yau da ƙafarta take zuwa tafki. Ta kwance wani tsumma, sai ga ƙwaryar. Ta tsage ta gefe ɗaya, an ɗinke ta da zare.

Ta ce, "Malam, na ji ka tambayi Sanusi. A bayan randa take tun ranar da aka fita da shi. Ni na ɗinke ta."

Na ce, "Tana riƙe ruwa kuwa?"

Ta ce, "Tana ɗiga kaɗan. Amma daga hannu zuwa baki za ta kai."

Ta ajiye ta tafi, ta bar ni ina kallon ƙwaryar. Lawali bai bar gidan siminti ba. Rumbunan geronsa an raba, rijiyar da ya yi sanadinta ta rufta, ƙungiyarsa kuma ga inda ta tsaya. Idan aka auna da idon duniya, abin da ya saura kaɗan ne. Amma ya bar wa garin nan sanin cewa talaka yana iya gaya wa babba gaskiya yana durƙushe, cikin ladabi, ba tare da ya rage komai daga gaskiyar ba. Wannan ba a raba shi a gado, sai wanda ya miƙa hannu ya ɗauka.

Na aika wa Sanusi cewa ƙwaryar tana zaurena, kuma shi ya fi kowa cancantar ɗaukarta. Har lokacin da nake wannan rubutu bai ba ni amsa ba. Ina sanar da shi, ina sanar da ƴan ƙungiya, ina kuma sanar da baƙinmu tun kafin su taso, don kada wani ya ce an yi masa kwanton ɓauna: ranar Alhamis da safe Gambo za ta ɗebo ruwa daga tafki, za a shimfiɗa tabarma a gindin aduwa. Idan Sanusi ya zo ya ɗauka, zan tsaya a bayansa, duk wanda za a kira birni a kira mu tare. Idan bai zo ba, ni zan ɗauka. Na tsufa yanzu, wani ruwan zai zube a hanya, amma abin da ya rage zai isa a gani.

Allah Ka gafarta wa Lawali, Ka shayar da shi daga tafkin da wanda ya sha ba ya ƙara jin ƙishirwa, Ka kuma ba ɗansa ƙarfin zuciya kafin Alhamis.