Yadda Muka Ɗaga Wa Mota Hanci

Ni mutum ne mai son kowane abu ya zo a kan layinsa. Kafin in tada mota sai na duba ruwa, sannan mai, sannan tayoyi, kuma ba na sauya wannan tsari ko da wani na jira na a ƙofa.

Motar tawa fikof ce, tsohuwa, mai ja da ƙafa huɗu. Da rani ina ɗaukar hatsi da ita daga babbar kasuwa, Grand Marché, zuwa unguwanni. Da damina babban aikinta shi ne zuwa gonar mahaifiyarmu, can gaba da Lamadji inda kwalta ta ƙare. Inna takan tare a bukkar gona tun lokacin shuka, ba ta dawowa gari sai masararta ta shiga buhu.

Wata damina na ratsa ruwa da motar, bayan 'yan kwanaki ƙarƙashinta ya fara kuka. Na kai ta wurin makanikena, wanda kowa ke kira Usta. Ya kwance kusar pon ɗin baya, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyi tana juya su, sai mai ya zubo fari kamar kunun gyaɗa.

"Alhaji, ka shayar da ita kogi," in ji shi.

Ya nuna mini wani ɗan rami a saman pon ɗin, ya ce hancinsa ke nan. In ƙarfen ya yi zafi, iska ta nan take fita. In ya shiga ruwan sanyi sai ya ja numfashi ciki, abin da ya tarar a bakin hancin shi zai shaƙa. Magani shi ne a ɗaga hancin sama inda ruwa ba ya kaiwa.

Kafin damina ta gaba muka yi aikin, ina tsaye a kansa. Da farko muka wanke wurin don kada ƙasa ta faɗa ramin. Sannan aka cire tsohon murfin, aka ɗaura ɗan bututun ƙarfe, aka zura masa tiyo irin na mai, aka matse da kolye, wato zoben ƙarfe mai ɗaure tiyo. Usta ya ɗaga motar da jak har tayoyi suka yi lilo, ya bar wa tiyon sassauci daidai wannan, don kada ya tsinke in ta faɗa rami. Haka aka yi wa pon ɗin gaba ma. Tiyon gaba muka kai shi cikin injin, sama kusa da batir. Na baya muka bi da shi gefen shasi, nesa da salansa, har bayan kabin, muka lanƙwasa bakinsa ƙasa muka bar shi a buɗe.

A shekarar ruwa ya yi yawa. Wata safiya maƙwabcin gonar Inna ya kira ya ce fadamar da ke tsakaninsu da hanya tana cika, in ba mu zo ranar ba sai dai kwalekwale, kuma Inna ta rantse ba za ta bar buhunanta ba. Na ɗauki yayana muka tafi. Shi sana'arsa man gyaɗa, yana kaiwa da kawowa ta kan iyaka a Ngueli a jarkoki, kuma a ranar da ta gabata shi ya ari motar.

Da muka isa bakin fadamar na kashe injin. Daga nan muna hango Inna a ɗaya gefen, zaune a kan buhu da lemarta.

"Kai, me kuma muke jira?" in ji Yaya. "Ga ta can tana kallonmu."

"Ƙarfe zai huce, ni kuma zan duba."

"Da safe ba ka duba ba?"

"Na safe daban, na ruwa daban."

Na bi tiyon gaba da hannu, lafiya. Na bi na baya tun daga pon har sama. A bakinsa na tarar da leda baƙa, an naɗe ta da kyau an ɗaure da robar tayar keke, ɗauri irin na wanda ya san aikinsa.

"Yaya, wa ya yi wannan?"

"Ni mana. Ka bar baki a buɗe da damina kamar ba ɗan kasuwa ba. Ko godiya babu?"

A wurinsa duk bakin da ke kusa da mai toshe shi ake yi, domin haka yake yi wa jarkokinsa tun muna samari. Na ce masa in an toshe hanci, pon ɗin zai ja numfashi ta gefen tayoyi, kuma nan ne ke cikin ruwa tsundum. Ya dubi ledar.

"To ai da ka rubuta a jiki cewa hanci ne," ya ce. "Kalas, shi ke nan, kwance abinka. Amma ka ba ni robata."

Na ba shi robarsa. Ya naɗe wando ya shiga gaba da sanda yana auna zurfi, ni kuma na sa giya ta ɗaya na bi shi a hankali, ban ɗaga ƙafa ba ban ƙara wuta ba. Ruwa ya rufe tayoyi, ya leƙo ta ƙasan ƙofa, muka fita.

Inna ba ta yi mana sannu ba. Cewa ta yi, "Ina ganinku kuna ta musu a bakin ruwa kamar masu rabon gado. Ku fara da buhunan can, su ne a ƙasa."

Muka loda masarar, da kajinta a kwando, da tukwane. Ta zauna gaba, Yaya ya hau kan buhuna. A dawowa ruwan ya ƙaru, motar ta yi nauyi, ta ɗan yi santsi a tsakiya. Inna ta riƙe kafaɗata tana salati, Yaya yana dukan rufin kabin yana ihu in yi dama. Na yi hagu inda sawunmu na farko yake, muka hau tudu.

La'asar ta same mu a gida. Inna ta sa aka shimfiɗa tabarmi a zaure aka zazzage masarar ta sha iska, ta zauna tana tsintar wadda ta jiƙa, tana faɗa wa jikokinta cewa ita ce ta nuna mana hanya.