Burodin Baba Shirima a Bakin Kogin Mara

Baba Shirima kukunmu ne, kuma duk sansanin tantunan da ke Serengeti babu mai gasa burodi irin nasa. Ba shi da tanda. Tsohuwar adaka ce ta ƙarfe, yana binne ta cikin garwashi, ya ɗora wani garwashin a murfi, ya zauna gefe yana gyangyaɗi kamar ba ruwansa.

Ni direba ne, nakan kai baƙi kallon namun daji. Kowace shekara sansaninmu yana tashi ya bi garken nyumbu, shanun dajin nan masu gemu, har bakin kogin Mara inda suke tsallakawa. Baba ya tsufa yana bin su, amma bai taɓa ganin tsallakar ba, don lokacin fitar motoci shi ne lokacin kwaɓa fulawa. Sai dai in mun dawo ya tsare mu da tambaya, yau guda nawa kada ya ja, ruwa ya kai ina. Mu kuwa mu ƙara gishiri, shi kuma ya haɗiye.

A shekarar da yanar ido ta fara rufe masa gani, aka ce daga wannan zuwan zai koma gida Moshi. Abin ya tsaya mini a rai. Ranar da baƙina suka ce hutawa za su yi, na ce ya shiga mota. Ya shiga, amma da kwanon kwaɓinsa a cinya, an lulluɓe da tsumma.

Ƙa'idar wurin ita ce a tsaya nesa, a kashe mota, sai nyumbu na farko ya faɗa ruwa sannan a matsa, in ba haka ba garken ya juya. Muka laɓe ƙarƙashin wata bishiya. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Garken ya taru, ya watse, ya sake taruwa, ƙura tana lilo a kansu kamar hayaƙin murhu. Kwaɓin nan ya kumbura har ya ɗaga tsumman.

Baba ya ce, "Ɗan nan, ta da mota. Baƙi ba labari za su ci ba."

Na ce masa makulli ya faɗi, ina nema. Yana cikin zagina a hankali sai na farko ya yi tsalle.

Na matsa da mu bakin gaɓa, na shiga nuna masa, ga su can, ga kada can. Na juyo na ga idonsa yana kallon wani wuri dabam. Ashe ƙurar ma da ƙyar yake gani. Tausayi ya kama ni, na ci gaba da surutu don in cike masa.

Ya dafa hannuna. "Yi shiru, Masanja. Duk labarin da kuke ba ni, ba wanda ya ce mini ƙasa rawa take yi."

Ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafa ɗaya, babu takalmi. Burodin ranar ya yi tsami, kuma shi da kansa ya kai wa baƙi a tebur.